Tafin ƙafa a ƙasa ko yatsu kawai? Fashin baƙi kan saita tsayin kujerar wasan jariri

Kujerar wasan da ake magana a kanta ita ce wadda ake zura jariri a tsakiyarta, ƙafafunsa su fita ta ramuka biyu na mazaunin yadi, ga faranti zagaye da shi cike da kayan wasa masu ƙara da launi. Ba ta da taya, ba ta zuwa ko'ina. Yaro zai iya juyawa dama da hagu, a wasu samfuran ma har ya ɗan yi tsalle, amma yana nan inda aka ajiye shi. Idan iyaye suka kwance ta daga kwali, hankalinsu yakan tafi kan kayan wasan ne: wanne ke kiɗa, wanne ke kunna wuta, wanne ake taunawa. Ƙananan lambobin da ke jikin ƙafafun kujerar, 1 da 2 da 3, ba kasafai ake waiwayarsu ba, alhali su ne ke yanke yadda ƙashin yaro da tsokarsa za su ɗauki nauyinsa duk lokacin da yake ciki.

Kujerar ta samo asali ne daga matsalar keken koyon tafiya mai taya. Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga a 2018 ya nuna cewa tsakanin 1990 da 2014, sama da yara 230,000 'yan ƙasa da wata 15 aka kai sashen gaggawa na asibitocin Amurka saboda raunin da suka ji a keken, kuma kusan kashi uku cikin huɗu gangarowa suka yi daga matakalar bene. Kanada ta haramta sayar da shi gaba ɗaya a 2004, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta daɗe tana kiran a yi hakan. Cikin wannan yanayi ne kamfanin Evenflo ya fito da kujerarsa mai suna ExerSaucer a 1994, wasu kamfanoni suka biyo baya da nasu. Cire taya ya magance gangarowa daga bene da saurin isa ga murhu ko ruwan zafi. Abin da bai magance ba shi ne cewa har yanzu ana tsayar da yaro a miƙe kafin jikinsa ya kai ga tsayuwa da kansa. Saita tsayi shi ne ɗan ikon da ya rage a hannun iyaye na rage wannan illa.

Kafin a taɓa lambobin, sai an amsa wata tambaya: yaron ya isa shiga? Kwalaye da yawa suna rubuta wata 4 a matsayin mafari, amma wata ba ya faɗin komai game da ƙarfin bayan yaro. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya kan matakan motsin jarirai, wanda aka buga a 2006, ya gano cewa lafiyayyun yara suna fara zama ba tare da tallafi ba tun daga ƙasa da wata 4 har zuwa bayan wata 9. Tazarar sama da wata biyar ke nan tsakanin yara biyu da babu abin da ke damun ko ɗaya. Shi kuwa bakwaini da lissafinsa daban: wanda ya zo wata biyu kafin lokaci, idan ya cika wata shida da haihuwa, jikinsa na ɗan wata huɗu ne. Don haka jiki ake duba. Wuyansa ya tsaya cak, ba ya rinjaya gaba ko baya? Idan aka zaunar da shi a ƙasa, yana iya riƙe bayansa, ko da yana dafa ƙasa da hannu? Wanda aka zura shi a kujera ya kife a kan faranti, ko ya karkace gefe har sai an cusa masa tawul ta ko'ina kafin ya miƙe, babu lambar da za ta gyara masa zama. Haƙuri kawai za a yi na 'yan makonni.

Akwai wani abu da ya kamata a gane game da ƙirar kujerar. A mafi yawan samfurori, mazauni da faranti haɗe suke, tare suke hawa, tare suke sauka. Abin da lamba ke canzawa shi ne nisan da ke tsakanin mazauni da inda ƙafa ke sauka, ko ta hanyar tsawaita ƙafafun kujerar, ko ta matsar da wani katako na taka ƙafa sama ko ƙasa, ko ta gajarta igiyoyin da mazaunin ke rataye a kansu. Nisan da ke tsakanin mazauni da bakin faranti kuwa ba ya canzawa. Saboda haka idan kuka ga faranti ya kai wa yaro hammata, kafaɗunsa sun ɗage har suna neman taɓa kunne kafin ya kai hannu ga abin wasa, kada ku wahalar da kanku da juya lambobi. Gangar jikinsa ce ba ta kai ba. Daidai shi ne bakin faranti ya tsaya masa tsakanin ciki da ƙasan ƙirji, hannayensa su sauka a kai ba tare da ya ɗage kafaɗa ba.

Yanzu ga ƙafa, inda mafi yawan kuskure yake.

Idan mazauni ya yi sama da yawa, ɗayan biyu ke faruwa. Ko dai ƙafafun yaro suna reto ba su taɓa komai ba, ko kuma ƙarshen yatsunsa ne kawai ke shafar ƙasa. A na farko, nauyinsa duka ya sauka a kan ɗan siririn yadin da ke tsakanin cinyoyinsa, ƙafafu sun rataye a miƙe suna jan mahaɗar ƙugu. Wannan mahaɗa a jikin jariri guringuntsi ya fi yawa a cikinta, ba ta gama ƙwari ba, kuma zaman da ya fi mata daɗi shi ne cinya a ɗan buɗe da tallafi a ƙarƙashinta. Na biyun kuma ya fi yaudara. Ƙananan jarirai suna da wani motsi da jiki ke yi ba da nufinsu ba: da zarar gaban tafin ƙafa ya danna abu mai tauri, sai ƙafar ta sanƙare ta miƙe. Iyaye su gani su yi murna, wai ga shi har ya fara tsayuwa. A zahiri ɗage yake yi. Dunduniya tana sama, agara da tsokar bayan ƙwauri a ɗaure, gwiwa a kulle, sau da yawa baya a gantsare, ciki jingine da faranti. Duk wanda ya taɓa hawa keke mai dogon sirdi, yana miƙa yatsu kafin ya kai feda, ya san yadda ƙafa da ƙugu ke gajiya cikin 'yan mintoci. Bambancin kawai shi ne jariri ba zai iya sauka ya rage sirdin ba. Likitocin fisiyo na yara, wato masu kula da motsin gaɓoɓi da tsoka, sun daɗe suna jan kunne a kan wannan tsayuwa, domin tana koya wa jiki akasin abin da tafiya ke buƙata. Mai koyon tafiya nauyinsa yana sauka ne a kan tafi gaba ɗaya, dunduniya a ƙasa, gwiwa a sake.

Ba ina nufin duk yaron da ya yi ɗage na minti goma zai taso yana tafiya a kan yatsu ba ne. Tsoratar da iyaye da irin wannan magana ba adalci ba ne. Abin da nake cewa shi ne maimaici yana da tasiri a jikin da ke koyon komai daga farko, kuma gyaran ba ya cin ko minti biyu.

Idan mazauni ya yi ƙasa da yawa, matsalar takan zo da wata fuska. Yaro mai ƙarancin ƙarfi zai zauna a tsugune, gwiwoyi sun lanƙwashe sosai, ƙafafu ba su da wurin zuwa, sai su baje waje, ko su koma baya, ko ya riƙa taka gefen ƙafa idon sawu a karkace. Mai ƙarfi kuwa miƙewa zai yi gaba ɗaya. Ɗuwawunsa ya bar yadin, faranti ya koma masa ƙasan cibiya, rabin jikinsa na sama ya fito fili. Sai abin wasa ya faɗi ƙasa, ya sunkuya ta saman faranti zai ɗauko. Kan jariri yana da nauyi sosai idan aka gwada da sauran jikinsa, kuma nan ne ake samun kifewar kujera ko zubowar yaro da ka. Sakacin barin kujera a lamba ta ɗaya bayan yaro ya girme ta ya fi hatsarin gaggawa fiye da ɗaga ta da wuri.

To ina daidai? Tafin ƙafa ya kwanta a ƙasa ko a kan katakon takawa, dunduniya na iya sauka ba tare da ƙoƙari ba. Gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, ba a kulle ba, ba a tsugune ba. Ƙafafu suna ƙarƙashin ƙugu, ba can gaba ko can baya ba. Ɗuwawu kuma har yanzu yana zaune a yadin, wato nauyi ya rabu tsakanin mazauni da ƙafa. Idan ya tura ƙasa da ƙarfinsa, zai ɗan ɗago, amma ba zai miƙe ya fice daga mazaunin ba.

A nan ne wasu za su ce sun buɗe takardar da ta zo da tasu kujerar, sun ga an rubuta cewa yatsun yaro kaɗai ya kamata su taɓa ƙasa, idan ma tafinsa ya kwanta a ɗaga zuwa lamba ta gaba. Gaskiya ne, akwai samfuran da ke faɗin haka, musamman masu sifirin da aka yi domin tsalle. Wannan saɓani tsakanin takardar kamfani da shawarar likitocin fisiyo shi ne ya fi rikita iyaye, kuma kowane ɓangare yana da dalilinsa. Kamfani yana tunanin kifewa da ficewa: yaron da tafinsa ya kafu sosai yana da ƙarfin tura kujera ko tsallake faranti. Ga kuma sifirin, wanda ba ya aiki sai an bar masa sarari ya sauka ya dawo. Likitan fisiyo kuwa yana kallon yadda gaɓoɓi suka jeru ne da irin tsayuwar da jiki ke sabawa da ita. Ɗaya yana tsoron abin da zai faru yau da rana, ɗaya yana tunanin watanni masu zuwa.

Ga yadda nake ganin za a raba wannan gardama. Duk gargaɗin da kamfani ya rubuta game da iyakar nauyi, iyakar tsawo da lokacin daina amfani, ba abin ciniki ba ne, domin a kan waɗannan iyakokin aka gwada kujerar. Game da ƙafa kuwa, ko a inda aka rubuta yatsu, ba ana nufin ƙarshen farce yana shafar ƙasa ba. Ku nemi matakin da gaban tafi, wannan tudun da ke bayan yatsu, zai zauna daram a ƙasa, dunduniya kuma ta kusanci ƙasa idan yaro ya natsu bai tsalle ba. Sannan ku gajarta zamansa a ciki fiye da yadda za ku yi a kujerar da ba ta tsalle. Wanda bai riga ya saya ba kuma, ya fi masa alheri ya zaɓi wadda aka ƙera domin tafi ya kwanta, mai katakon takawa da ke hawa da sauka, don kada ya shiga wannan tsaka-mai-wuya tun farko.

Aunawar kanta tana da 'yan ƙa'idoji da ake yawan tsallakewa. A cire wa yaro safa da takalmi. Safa tana zamewa a kan roba, tana kuma ɓoye yatsun da suka naɗe, tafin ƙafa kuwa yana buƙatar jin abin da yake takawa. A bar masa famfas ɗin da ya saba sawa, tunda kaurinsa yana ɗaga shi kaɗan. A zura shi, a ba shi minti ɗaya ko biyu ya gama zumuɗin farko, yadin ya sauka da nauyinsa. Sai ku durƙusa har idonku ya yi daidai da ƙafarsa, domin daga tsaye faranti ya rufe muku komai, murmushinsa kawai za ku gani. Ku duba ta gefe: gwiwa a kulle take ko a sake? Ku duba ta gaba: ƙafafun biyu suna taka ƙasa daidai, ko ɗaya na reto? Ku gwada zura yatsunku ƙarƙashin dunduniyarsa lokacin da hankalinsa ke kan abin wasa. Idan yatsu biyu a jere suka shige ba su taɓa shi ba, kujerar ta yi sama.

Idan za a canza lamba, a fitar da yaron tukuna. Kada a yi ganganci a ce ai ɗan latsawa ne. Ƙafar kujera ɗaya tana iya zamewa ƙasa farat ɗaya, ta matse yatsa ko ta karkatar da shi. Kowace ƙafa a sa ta a lamba ɗaya da 'yan'uwanta, a ji ƙarar kullewarta, sannan a danna faranti da hannu biyu da ƙarfi a tabbatar babu wadda ta janye. Kujera mai ƙafa uku da aka bar ɗaya a 2 sauran a 3 ba ta nuna karkacewa sosai ga ido, amma yaron zai yini yana jingina nauyinsa a ƙafa guda. A kuma duba maɓallan da ke riƙe yadin da zoben mazauni, musamman bayan wanki, domin ɗaya idan ya kuɓuce, mazaunin yakan zurma gefe, tsayin da aka saita ya tashi a banza.

Sau da yawa yaro yakan faɗa tsakanin lambobi biyu: a ta ɗaya gwiwarsa ta ɗan fi lanƙwasa, a ta biyu kuma ɗage yake yi. Muddin yana zaune a yadin, ba ya iya miƙewa ya fito, ni dai na fi son a bar shi a ta ƙasa na mako ɗaya ko biyu a sake gwadawa. Idan kuwa ya fara miƙewa yana leƙo ƙasa ta saman faranti, babu jira, a ɗaga. Wasu kan sa wani abu ƙarƙashin ƙafarsa ya cike gurbin. In za a yi hakan, ya zama abu mai faɗi, mai tauri, wanda ba ya zamewa idan an tura shi. Matashi ko bargo a ninke ba su dace ba, domin ƙafa tana nutsewa ciki idon sawu ya karkace. Kuma ƙarƙashin ƙafar yaro ake sa shi, ba ƙarƙashin ƙafafun kujera ba. Kujera dole ta zauna kai tsaye a daɓe mai shimfiɗe, nesa da matakala, murhu, kofin shayi, igiyar labule da wayar lantarki, tunda yaron da ke tsaye hannunsa na kai wa inda ba ya kai wa daga kwance.

Saiti ɗaya ba ya wadatarwa. Jariri yana ƙara kusan santimita 25 a shekararsa ta farko, kuma ba a hankali daidai-wa-daida yake yi ba, wani lokaci cikin 'yan kwanaki za a ga riga ta ɗage. Yadin mazauni ma yana saki da amfani. Dubawa duk bayan mako biyu ba ta yi yawa ba. Idan kuma yara biyu ke amfani da kujera ɗaya, ko tagwaye ne, kowa da aunawarsa.

Ko da an saita ta yadda ya kamata, kujerar wurin ɗan zama ce, ba wurin yini ba. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana ba da shawarar kada zaman jariri a irin waɗannan kayan tsayuwa da tsalle ya wuce minti 20 a lokaci guda. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2019, ta ce kada a killace ɗan ƙasa da shekara ɗaya a kujera ko keken turawa sama da awa ɗaya a jere, kuma wanda bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti 30 na kwanciya rub-da-ciki a farke, a rarrabe cikin yini. Dalilin a bayyane yake idan aka lura da abin da yaro ba ya iya yi a cikin kujera. Ba ya ganin ƙafafunsa. Ba ya mirginawa, ba ya jan ciki, ba ya tura ƙasa da hannu ya ɗaga ƙirji. Idan ya karkata, yadi da faranti ne ke tare shi, don haka tsokokin da ya kamata su koyi dawo da shi tsakiya suna hutawa. Duk waɗannan a ƙasa ake koyon su. Na san uwa tana buƙatar hannayenta biyu wani lokaci, ta yi wanka, ta kammala wani aiki, ko ta ɗan numfasa kawai, kuma babu laifi a cikin hakan ko kaɗan. Domin irin wannan lokaci aka yi kujerar, da sharaɗin idon babba yana kansa. Idan ya fara jingina kai da faranti, ko ya fara ƙananan kuka, ko barci ya ɗauke shi, a ciro shi nan take. Barci a zaune da kai a sunkuye yana iya takura hanyar numfashi.

Ƙarshen amfani da ita yakan zo da wuri fiye da yadda ake zato. Samfurori da yawa suna tsayawa ne a tsawon kusan santimita 76 da nauyin kusan kilo 11, amma kowa ya duba abin da aka rubuta a jikin tasa. Matsakaicin yaro yakan kai wannan tsawo wajen cikarsa shekara, dogaye kuma tun kafin nan. Ko bai kai ba, da zarar yana miƙewa ya bar mazauni alhali kujera tana lambar ƙarshe, ko yana ɗaga ƙafa zai tsallake, ko yana jijjiga ta har ƙafarta ɗaya tana ɗagawa daga ƙasa, ko ya fara takawa da kansa, to an gama da ita.

Akwai kuma abin da kujera ba ta da hannu a ciki, amma sau da yawa a lokacin wannan dubawa iyaye ke fara lura da shi. Idan an saukar da mazauni yadda dunduniya za ta iya kai ƙasa amma yaron kullum yana kan yatsu, har ma idan an riƙe shi a tsaye a wajen kujera. Ko ƙafafunsa suna sanƙarewa suna harɗewa. Ko kullum ƙafa ɗaya yake takawa ɗayar yana janye ta. Ko cinya ɗaya ba ta buɗewa kamar 'yar'uwarta lokacin canza famfas. Ko ya wuce wata 9 bai iya zama da kansa ba, sai a ajiye kujerar gefe a kai shi likitan yara ya duba ƙugunsa da tsokokinsa. Irin waɗannan matsaloli, musamman na mahaɗar ƙugu, sun fi sauƙin gyara idan aka gano su kafin yaro ya fara tafiya.